Ahu, taro da sauran lambobi masu goyo: kundin aikina

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Abin da ya faru a aji ranar Alhamis ne ya sa na buɗe wannan kundin. Na rubuta 2½ a allo, na ce wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare su faɗa mini nawa ke nan, sai fiye da rabin ajin suka ce 1. Ba rashin kai ba ne. Makon da ya wuce na koya musu cewa 2x na nufin biyu sau x, da suka ga 2 manne da ½ sai suka ninka. Yarinyar da ta fara ba ni wannan amsar kuwa, kullum da yamma ita ke auna wa mahaifiyarta gero a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa ba mai saye mudu guda a madadin mudu biyu da rabi ba. Bakinta ya san lissafin, allon ne ya ɓatar da ita.

Don haka zan bi ta baki. Zan tattara yadda harsuna ke kiran irin wannan lamba, wato cikakkiya da guntu a bayanta, kowane harshe da katinsa: 1½, 2½, 1¼, 1¾ da 2⅓. Zan haɗa da harsunan da mutane suka gada, da kuma waɗanda wani ya zauna ya ƙirƙira. Burina kafin hutu in sami babban kwali na bango da ɗan littafi na yara. A aji ina kiranta lamba mai goyo, uwa a gaba, ɗa a baya, kuma sunan ya zauna musu.

Kashe kuɗi: farin kwali 4, ₦1,400. Maka 3, ₦1,500. Data, ₦3,000.

Talata, 8 ga Oktoba

Katin Hausa. Hanya biyu muke bi. Ko dai mu ƙara da "da": biyu da rabi, uku da kwata. Ko mu rage: ƙarfe huɗu saura kwata, kamar yadda tsofaffi ke cewa ashirin ba biyu ko ashirin gaira biyu a maimakon sha takwas. Idan uwar ɗaya ce ma ba ma kiranta: mudu da rabi, shekara da rabi, turmi da rabi (yadi tara ke nan, tunda turmin atamfa yadi shida ne). Sunayen guntayen kuma akasarinsu daga Larabci suka zo: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri.

Na lura da abu guda da zan yi amfani da shi: sulusi biyu daban, biyu da sulusi daban. Duk Bahaushe ya san bambancin ba tare da an koya masa ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau na yi babban kamu, kuma a cikin gida. Na je gaida Kawu, wanda ya yi tireda tun zamanin fam da sule. Na ce masa akwai harsunan da ke da kalma guda ɗaya tak mai nufin ɗaya da rabi, mu kuwa ba mu da ita. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, to ahu fa?"

Ahu kwabo ɗaya da rabi ne a tsohon kuɗi. Ya jera mini su da yatsa: sule kwabo 12, rabinsa sisi, kwabo 6. Rabin sisi taro, kwabo 3. Rabin taro kuma ahu. To ka ga inda kalmar ta samo gurbinta. Mai ciniki yana ta raba kuɗi biyu, daga sule har ƙasa, a mataki na huɗu sai ya faɗa kan lamba mai goyo, kuma tunda kullum yana faɗawa kanta dole ta sami suna. Babu tsabar ahu ita kaɗai, kwabo ake haɗawa da ɗari, wato sisin kwabo, a biya. Suna ne na farashi.

Sai ya ƙara mini wani abu da na zauna na lissafa na ga haka ne. Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka koma naira da kwabo, sule ya zama sabon kwabo 10 maimakon 12. Nan take taro ya koma kwabo 2½, nai (tsohon kwabo 9) ya koma 7½. Wato kalmomin da a da cikakkun lambobi ne suka wayi gari da goyo. Ahu kuwa ya koma 1¼, kuma bai daɗe ba ya fita daga bakin mutane. Na tambayi malamai huɗu 'yan ƙasa da shekara arba'in a ɗakin malamai ta waya, ba wanda ya san ahu, amma dukansu suna cewa "ko sisin kwabo". Abin ya taɓa ni. Na sake rubuta katin Hausa, ahu ne a layin farko.

Kuɗin mota da goron Kawu, ₦2,200.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yanka kwali kawai. Kati 40. Larabci da Suwahili sun shiga, hanyarsu irin tamu ce: wahid wa nisf, moja na nusu, sannan illa rub' da kasorobo su ne saura kwata.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na yi asarar kati shida da yini guda, kuma kuskuren daga gare ni yake.

Na fara da Jamusanci. Anderthalb 1½ ne, suna faɗinsa kullum. Sai na ga tsofaffin kalmomi dritthalb da vierthalb. Dritt daga uku yake, halb kuma rabi, sai na rubuta 3½ da maka ba tare da na duba ba. Na wuce harshen Denmak na yi wa halvtredje da halvfjerde irin wannan fassara. Har na shirya misalin agogo: halb drei, na ce ƙarfe uku da rabi.

Lissafi ne ya tona asirin. 'Yan Denmak suna ƙirga da ashirin-ashirin. Hamsin a wurinsu halvtreds ne, gajeren halvtredsindstyve, wato halvtredje sau ashirin. In halvtredje 3½ ne kamar yadda na rubuta, ya kamata a sami 70. Ƙamus ya ce 50. Na gwada halvfjerds: lissafina ya ba ni 90, ƙamus ya ce 70. Halvfems: ni 110, su 90. Kowane karo na wuce da ashirin daidai, wato na ƙara cikakken ɗaya. Daga la'asar har bayan isha'i ina juya abin kafin ya faɗo mini. Kalmar ba uku da rabi take cewa ba, cewa take rabin na uku. Ka cika mudu na farko, ka cika na biyu, kana tsakiyar na uku: 2½. Sau ashirin, 50 cif. Anderthalb ma haka, domin a tsohon Jamusanci ander na nufin na biyu, rabin na biyu ke nan, 1½. Halb drei kuma ƙarfe biyu da rabi ne. Da na kai wannan kati aji da na koya wa yara ƙarya da awa guda.

Wannan hanya ta uku ce, ba ƙari ba, ba ragi ba. Tana kiran lambar da ake kan cikawa. Mu ma muna da ɗanɗanonta: in aka ce yaro ya shiga shekara ta uku, kowa ya san biyu ya cika. Da wannan misalin zan gabatar da ita.

Sabon kwali 1, ₦350. Daga yau fensir kafin maka.

Laraba, 23 ga Oktoba

Da na gane hanyar sai na riƙa ganinta ko'ina. Rashanci poltora, daga pol rabi da vtora na biyu, har suna da poltorasta, 150. Harshen Folan półtora. Harshen Finlan puolitoista, na Hungari másfél, dukansu rabin na biyu, alhali waɗannan biyun ba dangin Jamusanci ko Rashanci ba ne, maƙwabta ne kawai. Can Indunusiya ma setengah tiga ƙarfe biyu da rabi ne. A Turai akasari 1½ ne ya rayu, 2½ da 3½ sun tsufa. Bajamushen yau zweieinhalb yake cewa, biyu da rabi irin namu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Harshen Hindi, wanda ya fi kowane kati cika zuwa yanzu. Wani abokina mai sayar da yadi ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Indiya da ya daɗe yana kasuwanci a Kano, yana jin Hausa sosai. Na je da katin da na cika daga karatu, ya karɓa ya sa tabarau.

Suna da derh, 1½, da dhai, 2½, kowace kalma guda. Daga uku zuwa sama sai su sa sarhe a gaba: sarhe tin, 3½. Ni kuma da na ga tsarin sai na cike gurbi da kaina, na rubuta sarhe ek da sarhe do a matsayin wata hanyar faɗin 1½ da 2½. Ya sa yatsa a kai ya ce, "Malam, wannan yara ƙanana ne ke faɗa, ana gyara musu." Na goge a gabansa. Fensirin ya yi rana.

Sai sawa, ƙarin kwata, da paune, ragin kwata. Sawa tin 3¼, paune char 3¾, wanda shi ne huɗu saura kwata namu ba ƙari ba ragi. Abin da ya fi burge ni yadda suke ɗora su a kan ɗari da dubu: derh sau 150, dhai sau 250, sawa sau 125, paune do sau 175. Ya ce a kasuwa ba wanda zai tsaya jan "ɗari biyu da hamsin" alhali dhai sau na nan. Mu ma muna cewa dubu biyu da rabi, kowa ya san rabin dubu ake nufi, amma su sun kai abin har kwata.

Dhai daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ta fito, ardha da tritiya, rabin na uku. Ita ce halvtredje ta Denmak a wata riga. A garin Ajmer na jihar Rajastan akwai tsohon masallaci na ƙarshen ƙarni na 12 da ake kira Adhai Din Ka Jhonpra, rumfar kwana biyu da rabi. Zan nemi hotonsa don littafin.

Adaidaita zuwa da dawowa, ₦1,000.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Latin da Girkanci. Rumawa suna da tsabar kuɗi mai suna sestertius, daga semis tertius, rabin na uku kuma, domin darajarta as 2½ ce (as ƙaramar tsabar kuɗinsu ce), rubu'in dinarin da ke as 10. Daga baya aka mayar da dinari as 16, sestertius ya koma as 4, sunan bai canza ba. Labarin taro ne aka juya: taro ya fara cikakke ya ƙare da goyo, sestertius ya fara da goyo ya ƙare cikakke. Zan ajiye katunan biyu gefe da gefe.

Girkawa kuma ta kiɗa da lissafi suka bi. Hemiolios 1½, epitritos 1⅓, epogdoos 1⅛, su ne 3 bisa 2, 4 bisa 3 da 9 bisa 8 na tsawon tsirkiya. Nikomakus, mutumin Jarash da ke Jodan ta yau, ya tsara irin waɗannan sunaye a littafinsa na lissafi, Sabit bin Ƙurra ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 9, Boethius kuma ya kawo su da sunayen Latin irin su sesquialter da sesquitertius. Waɗannan kalmomin malamai ne, ba na kasuwa ba, don haka kati ɗaya ya ishe su.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bayan magariba na tsaya wurin malamin unguwarmu da ke rabon gado. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai inda kason magada ke haura dukiyar?" Ya ce auli ke nan, ya zana mini a ƙasa. Mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asalin mas'ala 24, wato a ɗauki dukiyar kashi 24. Mata sumuni, 3. 'Ya'ya sulusi biyu, 16. Uwa sudusi, 4, uba sudusi, 4. Jimla 27. Ashirin da bakwai bisa 24 kuwa ɗaya da sumuni ne, 1⅛, lambar nan da Girkawa suka kira epogdoos. Tunda dukiya ba ta wuce ɗaya, sai a raba ta 27, kowa ya ragu daidai gwargwado, sumunin matar ya koma tusu'i. Ana kiranta Minbariyya, ana danganta amsarta ga Sayyidina Ali yana kan mumbari.

Wannan zai shiga littafin a shafi na musamman. Yaran sun saba jin sumuni da sudusi a makarantar Islamiyya, ba su taɓa ganin su a allon lissafi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na shiga ƙirƙirarrun harsuna. Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a Warso a 1887, ɗafa-ƙeya guda yake da ita, -on-. Du biyu, duono rabi. Tri uku, triono sulusi. Dek goma, dekono ushuri, haka har inda ƙirga ta tsaya, alhali sunayen Larabci a ushuri suka tsaya. Lamba mai goyo kuma da kaj, wato "da": unu kaj duono, du kaj triono. Du trionoj shi ne sulusi biyu. Bambancin nan dai namu na katin farko. Harshen Ido na 1907 ya canza ɗafin zuwa -im-, duimo, triimo. Interlingua ta 1951 tana cewa un e medie.

Abin da na tsaya a kansa: Zamenhof ya tashi yana jin Rashanci, harshen Folan da Jamusanci, ukun duka suna da kalma guda ta 1½, amma bai sa irinta a harshensa ba. Na fahimci dalilinsa, yana son wanda ya koyi ƙa'ida ɗaya ya iya faɗin komai, kuma a matsayina na malami ina yaba wannan. Amma a ganina akwai wani dalilin. Ahu, derh da sestertius ba wanda ya zauna ya tsara su. Farashi ne aka yi ta maimaitawa a bakin rumfa har ya dunƙule ya zama kalma. Harshen da aka haifa a kan tebur bai zauna a rumfa ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Lojban, wanda aka fara a 1987 a kan harshen Loglan na 1955. Kowace alamar lissafi tana da kalmarta: pa 1, re 2, ci 3, mu 5, ze 7, pi ɗigo, fi'u layin bisa, su'i tarawa. 1½ sai a ce pa pi mu, ko ci fi'u re. 2⅓ kuwa hanya uku: ze fi'u ci, ko re su'i pa fi'u ci, ko re pi ra'e ci, inda ra'e ke nuna ukun ba ya ƙarewa. Ta tsakiyar ce ta fi mini amfani, domin ta fito da alamar tarawar da 2⅓ ke ɓoyewa, ainihin wurin da ɗalibaina suka yi tuntuɓe.

Toki Pona na Sonja Lang, 2001, kalmomi kusan 120 ne, wan, tu, luka da mute su ne ƙirgarsa, babu kalmar rabi. Katin kusan fari fat, kuma haka zan liƙa shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Asara mafi girma. Na kai ɗan littafin shagon buga takardu a filashi, shafi 4, kwafi 50. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, layi ya yi tsawo, ni kuma ina sauri in kama azahar, sai na biya na ce zan dawo in karɓa. Ban nemi a fara fitar mini da kwafi ɗaya in gani ba. Da na dawo sai na tarar kwamfutarsu ba ta da salon harufan da na yi amfani da shi. Duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke ya zama ɗan akwati. ⅓ da ⅛ akwati. Półtora ya rasa harafinsa. Shafin gado, wanda na fi ji da shi, ba ya karantuwa sam: "akwati bisa akwati". Mai shagon ya ce abin da na ba shi ya buga, kuma gaskiyarsa ce. Mun daidaita zai sake bugawa a rabin kuɗi in na kawo shi a PDF.

₦10,000 ta tafi, ₦5,000 na jira. Takardun da suka lalace zan ba yara su yi lissafi a bayansu. Jimlar abin da na kashe zuwa yau ₦19,450.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, mura ta kama ni. Kati biyu kawai. Turkanci yana da rabi iri biyu, yarım in shi kaɗai ne, buçuk in goyo ne: bir buçuk, iki buçuk. Wata malama Bayarbiya a makarantarmu ta tabbatar mini su ma haka ne, ìdajì da ààbọ̀, aago méjì ààbọ̀ ƙarfe biyu da rabi. Hanya ta huɗu ke nan, a ba goyon sunansa na kansa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na karɓi sabon bugu jiya, ya fita tsaf, ₦5,000. Yau na gwada a aji. Ban fara da allo ba. Na shigo da mudu da ɗan buhun gero, na ce a auna mini rabi biyu, sannan a auna mini biyu da rabi. Aka tara su gefe da gefe, kowa ya ga tsibi ɗaya ya fi ɗaya nesa. Sai na rubuta 2 × ½ a ƙarƙashin ƙaramin, 2 + ½ a ƙarƙashin babban, na goge alamar tarawa a hankali har ya zama 2½. Yarinyar nan mai auna gero ta ce, "Malam, ashe 'da' ɗin ce aka ɓoye."

Rabin na uku ya ba su wahala. Da na ce su faɗi 4½ irin ta 'yan Denmak, da yawa suka ce rabin na huɗu, kuskurena na ranar 19 ga Oktoba sak. Na sa aka jera kwanuka biyar, aka cika huɗu, aka zuba rabi a na biyar, sannan suka gani. Lokaci ya ƙare ban kai ga Hindi ba. Ahu kuwa sun tafi da shi gida, na ce kowa ya tambayi kakansa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yara tara sun dawo da amsa a kan ahu, wata har da "taro da ahu" daga bakin kakarta, kwabo 4½. Na buɗe sabon kati don abin da suke kawowa.

Kati 27 sun cika, 13 na nan fari. Kwalin bango zai jira bayan jarrabawa, domin sai na sake tsara shi bisa hanyoyi huɗun maimakon bisa ƙasashe. Zango mai zuwa: Sinanci da Japananci, sannan Fulatanci da Barbarci daga bakin iyayen yara, da ziyara wurin masu awon hatsi a Dawanau in ji yadda suke kiran tiya da guntunta. Kawu ya ce yana da tsohon taro da kwabo mai huji a cikin adaka, zai ba ni aro in nuna a aji. Zan je ɗauka ranar Juma'a bayan masallaci.